Jakara: a bar ta a rufe da kwalta ko a buɗe ta?

Maganar da aka kawo zaure: "Kuskure ne da aka rufe Rafin Jakara na birnin Kano da titin Wuju-Wuju. Da gyara shi aka yi, aka bar shi a buɗe."

Injiniya Sani: Ina bayan wannan magana. Rafin da aka rufe ba a ganin ciwonsa sai ya yi tsanani. Idan gudun ruwa a cikin kwalbati bai kai kamar santimita 60 a daƙiƙa ɗaya ba, yashi kwanciya yake, leda da robobi su hau kai, hanya ta tsuke. Ranar da aka kece da ruwan Agusta, kwalbatin da rabinsa yashi ne sai ya mayar da ruwa ta ƙananan magudanai ya shiga gidajen mutane. Ga kuma ƙazantar da ke ruɓewa a rufe: iskar da take fitarwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana cin siminti har ta kai ga rodi, tana kuma iya kashe mai shiga yasa.

Malam Habu: Injiniya, wane rafi za a buɗe? Da rani abin da ke gudu a Jakara ruwan kwatamin gidaje ne da na kwata. Wanda ke zaune daura da Kasuwar Kurmi ya san warin, ya san sauron. Kuma cikin birni lunguna ne, motar asibiti ma tana buƙatar hanya.

Injiniya Sani: A Koriya ta Kudu, birnin Sol ya rushe titin sama tsakanin 2003 da 2005, ya fito da rafin da ke ƙarƙashi, kusan kilomita 6.

Malam Habu: Da injina suke turo masa ruwa daga kogin Han kullum. Mu da wace wutar?

Hajiya Binta: Ku duka kun tsallake matakin farko. Ko a buɗe ko a rufe, sai an raba ruwan ƙazanta da ruwan sama. A shimfiɗa babban bututu a kowane gefe ya tare kwatamin unguwanni, ya kai shi matata kafin ya haɗu da Rafin Getsi, wanda ke ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Ruwan Jakara ne manoman Kwakwaci ke ba latas da alayyafo, shi ne kuma yake taruwa a dam ɗin Wasai. Abin da ya fi damuna ke nan, domin mu ne masu cin ganyen.

Malam Habu: Na yarda, Hajiya. To a bar titin, amma a sa murfin shiga kowace mita 50, ramin tare yashi da ragar ƙarfe a bakin kowace magudana, a kuma yashe a watan Mayu kafin damina ta sauka.

Injiniya Sani: A cikin ganuwa na amince. Amma inda ba a kai ga rufewa ba, kada a ƙara zuba kankare. A ɗaure gaɓa da dutse, a dasa itatuwa, a yi hanyar ƙafa, a hana gini a bakin ruwa.