Dole ne a cire kan giya, wato mariƙin da ake kamawa, kafin a canza rigarta, fatar nan da ke rufe sandar, a mota mai otomatik?

Mai ɗinkin kujeru: Ina nan a kan bakana, ba sai an taɓa kan giyar ba. Ka ɗaga firam ɗin robar da fatar ke manne da shi, ka yanke tsohuwar, ka zura sabuwa mai faɗin wuya ta sama, ka ɗaure. Rabin ɓarnar da ake yi a wannan aikin wajen cire kan ake yin ta.

Bakanike: Malam, wannan sai da rigar nan ta kowa-da-kowa, mai igiya a wuya. Rigar asali wuyanta daidai kaurin sandar yake, kan otomatik kuwa yana da girma saboda maɓallin da ke jikinsa. Ba za ta wuce ba. Kuma ɗaurin kirki daga ciki ake yin sa: ka juya rigar ciki-waje, ka zura wuyan a sanda, ka matse da igiyar roba mai haƙora, ka datse wutsiyarta, sannan ka saukar da rigar ta rufe ɗaurin. Da kan a wurin, ta ina?

Mai ɗinkin kujeru: To, Oga, gaya musu yadda ake fasa kan wajen cirewa.

Bakanike: Rashin sanin irinsa ne ke fasa shi. Wani murɗawa ake yi hagu, musamman inda giyar ke bin hanya mai lanƙwasa kuma babu maɓalli. Wani yana da ƙananan sukurori 2 a gaba. Wani sai ka ja zoben ƙarƙashinsa ƙasa, ka ga kilif mai siffar U, ka zare shi da siririyar sukundireba, ka tare da yatsa don kada ya faɗa cikin ramin. Wani kuma fizgarsa kawai ake yi sama, to kada ka ɗora fuskarka a kansa, haɓa yake nema.

Mai wayarin: Ku ƙara da wannan. Duk kan da ke da maɓallin O/D, wato mai barin mota ko hana ta shiga giya mafi sama, akwai siraran wayoyi a cikinsa. Ka murɗa shi, ka tsinke su. A cire soket tukuna. Ƙarƙashin firam ɗin ma akwai soket na fitilar P-R-N-D, kada a ɗaga da ƙarfi. Soket mai launin rawaya kuwa na jakar iska ne, ba ruwanka da shi.

Bakanike: Haka ne. A wasu Volkswagen da Audi, maɓallin gefe dole ya kasance a waje lokacin mayarwa. In aka danna shi kafin kan ya zauna, ba zai kama sandar cikin ba, giya ta ƙi fita daga P.

Mai ɗinkin kujeru: Kun ji ko? Hujjata kuka kawo da bakinku.

Mai wayarin: Ba duka ba, Malam. Ko a hanyarka, sau da yawa sai an ja giyar zuwa N kafin firam ya samu wurin fita. A ja birkin hannu, a sa wa taya waigi, a kashe mota. A motoci da yawa akwai ɗan murfi kusa da giyar, a ɓalle shi, a danna abin da ke ciki da makulli, giya za ta saku ba sai an kunna wuta ba. In aka cire soket wuta na kunne, wata motar takan nuna alamar matsala.

Bakanike: Ga kuma inda rigar kowa-da-kowa ke cin mutane. In ta gajarta, tana riƙe sandar kafin ta shige P sosai, sai makulli ya ƙi fita, a ɗauka giyar ce ta lalace. In ta yi yawa, rarar ta cusa cikin ramin ta cije. Shi ya sa ake warware tsohuwar a shimfiɗa ta a auna da ita, ba a daddatsa ta ba.

Mai ɗinkin kujeru: Wannan na yarda. Yankan a bi layin ɗinki, sai ta zama ma'auni. Gam kuma a shafa a fatar da firam duka, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya daina bin yatsa kafin a haɗa. Amma a motar da ba a san irin kanta ba, gara a bar shi.

Bakanike: Kafin a danna kilif na ƙarshe dai, a taka birki a bi da giyar daga P zuwa ƙarshe a dawo, a ga fatar ba ta ɗamewa a ko'ina.