Neman shawara: ƙidayar 'ya'yan kifi a fadamar da ake rage wa ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Fadama ce mai madatsa da ƙofar ruwa, ana cika ta ana rage ta bisa tsari, kifi na hayayyafa a ciki. Duk mako biyu ake jan taru don a ga ko 'ya'yan kifin na ƙaruwa. Tun da aka rage ruwa kamun ya ninka, amma da yawa na mutuwa kafin a gama awo. Ƙaruwar gaske ce kuwa? Me ke kashe su?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin murna. In ruwa ya ja, kifin da ke warwatse cikin ciyawa sai ya tattaru a kwari, taru ya cika alhali ko ɗaya bai ƙaru ba. Kafa sanda mai ma'aunin santimita kusa da ƙofar, ka rubuta tsayin ruwa duk ranar aiki. Sannan ka daina ƙidaya da "ja ɗaya", ka koma murabba'in mita. Taru mai tsawon mita 10 yakan lanƙwashe, sai ka ɗaura igiyar mita 7 tsakanin sandunansa biyu don bakin ya tsaya a faɗi ɗaya. Ja mita 20, ka share murabba'in mita 140 ke nan. Raba kamun da wannan, ka ninka da yawan murabba'in mitan wurin da ruwa ke kwance a ranar. Wannan adadin ne za ka gwada da na baya.

Amsa ta 2: Ƙari kan amsa ta 1: idon raga kada ya wuce milimita 3, kuma marar ƙulli, don ƙulli na kankare ɓawon jikinsu. Igiyar ƙasan taru mai dalma ta riƙa jan ƙasa. Da ta hau kan ciyawa, ta ƙarƙashi za su sulale. Inda ciyawa ta yi duhu taru bai da amfani. Jefa akwati marar gindi mai murabba'in mita 1, ka kwashe cikinsa da koma har sai ka ɗebo sau uku a jere babu komai.

Amsa ta 3: Mutuwar nan laka ce da ƙarancin iska. Da asuba oksijin ya fi ƙaranci a ruwa mai ciyawa, ga taru ya tayar da taɓo ya toshe musu hanyar numfashi. Bari rana ta ɗan ɗaga, amma kada a kai tsakar rana. Kada a jawo taru kan tudu. A bar jakarsa cikin ruwa, a ɗebe su kaɗan-kaɗan zuwa bokitin ruwa mai tsabta na wurin, a inuwa, da na'urar hura iska. Auna 30 kawai daga kowane nau'i, da jiƙaƙƙen hannu a kan jiƙaƙƙen allo, sauran a ƙirga a sake su nan take. Abin tausayi ne a kashe abin da ake neman rayawa.

Amsa ta 4: Waɗanda ba a gane nau'insu ba, ajiye kaɗan a fomalin, ruwan maganin hana ruɓewa, kashi 5 cikin 100. In za a duba ƙashin kunne don sanin kwanakinsu, sai dai itanol, wato sinadarin alkohol, kashi 95, domin fomalin na cinye shi. Auna tsawonsu kafin ka sa, suna motsewa a ciki. Ranar buɗe ƙofa kuma ka ɗaura raga a bakinta na minti 10 duk awa, ka san nawa suka bi ruwa suka fita.