Wace kalma za mu sa wa "grooming" a darasin 'yan sakandare?

Malama mai ba ɗalibai shawara: Assalamu alaikum. Ana haɗa takardar wayar da kan ɗalibai a kan cin zarafi ta hanyar lalata. Fyaɗe sananne ne, tsangwama ma haka. Inda aka cije shi ne "grooming". Ƙamus gyaran jiki yake bayarwa, alhali ana nufin yadda babba ke bin yaro ko yarinya sannu a hankali har ya lalata su ba ihu ba kokawa. Yaudara ta wadatar?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaudara ta yi faɗi. Ɗaliba na jin ta, saurayin da ya yi alkawarin aure ya tsere ne zai faɗo mata a rai, kuma wadda aka yaudara akan ga wautarta. Lallashi kuwa uwa ma tana yi. Ni hilata zan ce: ya hilace ta, yana hilatarsa, mai hilata. Akwai dabara a cikinta, akwai jan lokaci, laifin kuma a wuyan mai yi yake.

Jami'ar kare yara: Malam ya yi daidai, amma kalmar ba za ta zauna ba sai an nuna wa ɗalibai yadda abin ke tafiya. Mai hilata ba kasafai yake zama baƙo ba. Galibi wanda gida ya yarda da shi ne. Yakan zaɓi mai kaɗaici ko mai wata buƙata. Sai yabo, sai 'yar kyauta, katin waya, ƙarin maki. Daga nan darasi su biyu kaɗai, ko hirar dare a WhatsApp da "goge in kin karanta". Sai gwaji: wasan batsa, dafa kafaɗa da hannun ya ƙi ɗaguwa. In an yi shiru ya ƙara mataki. Ranar da hoton tsiraici ɗaya na yaron ya shiga hannunsa, zaƙin baki ya koma barazana. Abin da ke rufe bakin yaro shi ne kyautar da ya karɓa, yana ganin shi ma da hannunsa a ciki. Yara maza ma ana yi musu, su suka fi ɓoyewa.

Barista: A ƙara "don lalata", domin ana hilatar mutum a ciniki ma. Kuma ɗan shekara 16 ba ya son a kira shi yaro, sai ya ɗauka ba da shi ake ba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, amma a takarda ku rubuta "yara da matasa". Ku kuma gaya musu kada su goge saƙonni, su ne hujja.

Ma'aikaciyar jinya: In har ya kai ga fyaɗe, asibiti kafin wanka ko wanke tufafi. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Wanda ya riga ya yi wanka ma ya je.

Malama mai ba ɗalibai shawara: Na gode. Kan darasi zai zama "hilatar yara da matasa don lalata", a cikin bayani kuwa hilata kawai. Barista, ko za ka duba mana sakin layin hujja kafin a buga?