Ina son zama lakcara a fannin hulɗa da jama'a, ta ina zan fara?

Ɗan Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Aikin jarida na karanta, na gama bautar ƙasa, yanzu ina wani gidan rediyo a nan Jos, amma wallahi zuciyata tana wajen koyarwa a jami'a, musamman ɓangaren hulɗa da jama'a da yadda kamfani ko gwamnati ke gina sunanta a idon mutane. Wasu sun ce in ajiye aikin in tafi mastas kawai, wasu kuma sun ce koyarwa wahala ce ba kuɗi. Waɗanda suka san harkar ku taimaka min.

Anti Lakcara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ajiye aikin nan tukuna, yi mastas ɗinka kana aiki. Da mastas za a iya ɗaukarka mataimakin lakcara, daga nan sai lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mai jiran farfesa, sannan farfesa, kuma yawanci sai ka yi shekara 3 a mataki kafin a duba ƙarin girmanka, shi ma ba shekarun kaɗai ake kallo ba, sai an ga takardun binciken da ka buga a mujallu, kuma a yawancin jami'o'i in ba ka da digirin dakta a lakcara na ɗaya za ka tsaya. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati, kar ka sa shi a lissafi yanzu.

Amma ka zo a lokaci mai kyau. A 2020 NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta sanar da raba kwas ɗin aikin jarida (Mass Communication) gida 7, hulɗa da jama'a ya tsaya da ƙafarsa, talla ma haka, fim ma haka. Sabon sashe kuwa malamai yake nema.

Baban Gangare:
Anti ta faɗi gaskiya amma bari in ƙara. Ni a aikace nake yin sana'ar hulɗa da jama'a, kuma abin da ke ci min rai shi ne yaro ya fito da digiri ya haddace tarihin Edward Bernays, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni, amma a ce ya rubuta sanarwar manema labarai ta shafi ɗaya sai ido ya raina fata, saboda wanda ya koyar da shi bai taɓa zama da ɗan jarida a kan wata rigima ba. To kai kana da wannan gogewar ta aiki a hannu, kar ka yar. Ka yi rajista da NIPR, cibiyar masu sana'ar hulɗa da jama'a ta Najeriya, tun 1963 take, dokar 1990 ta ba ta ikon tantance masu sana'ar. Masu talla kuma ARCON ce hukumar da ke kula da su, wadda ta gaji APCON a 2022. Batun kuɗi kam ba zan ɓoye maka ba, albashin bai kai wahalar ba, ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 aka yi.

Malam na Naraguta:
Ɗan'uwa ni abin da zan roƙe ka shi ne in ka tashi zaɓen abin bincike kar ka je nesa. Filato ana mata kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, sai ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, har yau ka ce wa mutumin Legas daga Jos kake sai ya tambaye ka ko lafiya. Ta yaya gari ke dawo da sunansa, wa ya ɓata, jaridu ne ko abin da ya faru ne, me mai otal da mai sayar da dankali a Farin Gada suka rasa? Wannan kaɗai ya isa digirin dakta. Ka haɗa da yunƙurin marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai a lokacin, na gyara sunan Najeriya a 2009 ka ga inda aka tsaya. Dubi Farfesa Abdalla Uba Adamu na BUK, finafinai da littattafan Hausa da wasu ke rainawa su ya riƙe har duniya ta san aikinsa.

Ɗan Anguwan Rogo:
Allah ya saka da alheri, wallahi maganar Jos ɗin nan ta shige ni Malam. Anti don Allah tambaya ɗaya, in yi mastas ɗin a Unijos tunda ina kusa da aiki, ko in daure in nemi BUK?

Anti Lakcara:
Fara duba wanda zai duba maka aikin. Ka nemo takardun malaman sashen biyu ka karanta, inda ka samu mai rubutu a kan irin abin da kake so, can za ka sayi fom.