Musayar Waƙa: Teburin Da Aka Ɗauke A Wiskonsin

Alƙalamin Asuba:

Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami. Maudu'in wannan zagaye shi ne 'yancin ma'aikatan gwamnati na zama a ƙungiyance su yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki da gwamnatin da ta ɗauke su. Na ɗauko rigimar jihar Wiskonsin ta Amurka, inda Gwamna Scott Walker ya kawo abin da aka sani da Doka ta 10. Kowa ya kafa amsa-amonsa. Zagi dai babu.

Da sunan Rabbana na ɗau alƙalami,
Sarkin da bai taɓa zaluntar bawa ba.

Salati ga Manzo da ya ce a biya
Ladan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Ku zo mu je Madison, babban birnin jihar, cikin Fabrairu,
Ƙanƙara ba ta gama barin titi ba.

A 2011 gwamna ya miƙe,
Ya ce baitulmali ba zai iya ɗauka ba.

Ya kawo ƙuduri ya ce gyaran kasafi ne,
Masu karatu suka ce ba shi kaɗai ne ba.

A ciki an ce ƙungiya ta yi ciniki
Kan tushen albashi, ba ta wuce nan ba.

Ƙarin ma kar ya ɗara tashin farashi,
In ba jama'a suka kaɗa ƙuri'a ba.

Awannin aiki, hutu, yawan 'yan aji,
Ba za a sake zama da kowa a kansu ba.

Kuɗin ƙungiya da ake cira a albashi,
Shi ma aka ce ba za a ƙara cira ba.

Malamai da nas-nas da masu gadin kurkuku
Suka cika majalisa, ba su koma gida ba.

Suka shimfiɗa barguna kan daɓen marmara,
Ganga tana tashi, dare bai hana ba.

Baba Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, murya ta yi daɗi, amma ka kawo shaidar ɓangare guda ka ce a yanke hukunci. Bari tsoho ya sa baki.

Na saurari waƙarka har ƙarshe,
Sai dai ka ɓoye rabin gaskiya.

Giɓin dala biliyan 3.6
Aka hango a kasafi, ba tatsuniya.

Mai kamfani in ya zauna ciniki,
In ya yi sake shi zai rasa dukiya.

Ɗan siyasa fa, da kuɗin wa yake kyauta?
Harajin bazawara ne da na maraya.

Ƙungiya ta zuba kuɗi ta zaɓe shi,
Gobe su zauna tebur bakinsu ɗaya.

Mai biyan haraji ba shi da kujera,
Takardar biya ce ke iske shi daga baya.

Ko Shugaba Roosevelt da 'yan ƙwadago ke yabo,
A 1937 ya kauce wa wannan hanya.

Ya ce cinikin da ake yi da kamfani
Ba ya dasuwa a aikin gwamnatin tarayya.

Kashi 5.8 aka nema na fansho,
Da 12.6 na inshorar lafiya.

Mai aikin kamfani ya saba biyan nasa,
Ya aka yi ga na gwamnati abin ya yi wuya?

Uwar Ɗalibai:

Baba, ina gaisuwa. A gafarce ni, zan amsa da ƙwar huɗu.

Baba sannu da ƙirga kuɗi,
Lissafinka ba shi da ruɗi,
Akwai dai abin da ban ji ka faɗi,
Shi nake so in yi tunasarwa.

Kuɗin fanshon da kake kira,
Da na asibitin da ka jera,
Sun ce a yanka, ba sai an jira,
Tun Fabrairu suka yi amincewa.

Suka ce ga kuɗin, mu dai haƙƙi
Na zama mu yi magana kan aiki,
Gwamna ya murza gashin baki,
Ya ce teburin ne abin ɗaukewa.

In don giɓi ne aka tashi,
An miƙa wuya a rage albashi,
To me ya haɗa biyan bashi
Da hana ƙungiya tattaunawa?

Duk shekara sai ƙungiya ta yi zaɓe,
Kashi 51 na kowa, ba a keɓe
Wanda ya yi ciwo ko ya laɓe,
Rashin zuwansa "a'a" ake ƙirgawa.

Gwamna, kai da ka kawo doka,
In mudun nan aka ɗauka,
Aka auna ƙuri'un da aka ba ka,
Kujerar nan da ta gagari hawa.

Ni malama ce, na san aji,
In yara sun yi yawa ba mai ji,
Na baya barci, na gaba ya gaji,
Wa zai faɗa in an hana mu faɗawa?

Ɗan Autan Mawaƙa:

Kai, Inna ta ɗauki zafi! Ni labarin gudun sanatoci ne ya fi ba ni dariya, ban ga wanda ya taɓo shi ba. Baba, tuba nake tun kafin in fara.

Sanatoci 14 'yan Dimokurat,
Suka haɗa kaya suka tsallaka.

Sai jihar Ilinoi, maƙwabciya,
Inda ba mai ikon ya kamo ka.

Sai da 20 ake zama kan kuɗi,
Ga 19 sun rage a ɗaka.

Aka aika 'yan sanda gidajensu,
Ƙofa a rufe, ba mai ce musu barka.

Mako uku ana 'yar ɓuya,
Sai masu rinjaye suka farka.

Suka zare sashen kuɗi a ƙudurin,
Ran 9 ga Maris suka wuce da doka.

18 da 1 aka tashi,
Ran 11 gwamna ya sa hannu, shi ke nan an kai ka.

Baba, ka ce maganar kuɗi ce,
Ga ta ba kuɗin, ina amsarka?

Baba Mai Lissafi:

Auta, rage rawar kai. Sassan kashe kuɗi aka zare don a samu damar zama. Kason fansho da na lafiya suna nan daram a cikin dokar, je ka duba. Kuma baitinka na bakwai ya yi tsawo, ƙafarsa ɗaya na jan ƙasa.

Gudu daga majalisa ba jarumta ba ce,
An zaɓe ka don zama, kai ka zaɓi ɓuya.

Kun tara sa hannu kusan miliyan,
Ku yi wa gwamna kiranye ya koma baya.

Yunin 2012 aka je akwati,
Kashi 53 suka ce ya tsaya.

Kotun ƙolin jihar a 2014
Ta duba dokar ta ce tana kan hanya.

'Yata, kin ce sun yarda da yankan bana,
Baɗi fa? A tebur za su dawo da kaya.

Yanzu hukumar makaranta ta sami sarari,
Ta ƙara wa malamin da ta ga ya iya.

Da can shekarun aiki ake dubawa,
Rago da gwani albashinsu ɗaya.

Gwaggo Nas:

Yaya Mai Lissafi, ni ba gwanar alƙaluma ba ce. Aikin jinya na yi har na ajiye, da idon mai jinya nake kallon maganar.

Yaya, dokar ta raba ma'aikata biyu,
'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ta ƙyale su.

In ciniki da gwamnati ɓarna ne,
Me ya halatta shi a hannunsu?

Wasu ƙungiyoyinsu sun bi gwamna a zaɓe,
Ban ce komai ba, na dai ambace su.

Amma 'yan kwana-kwana sun fi dokar kunya,
Suka shigo zanga-zangar da hulunansu.

Ba a taɓa su ba, suka zo duk da haka,
Jama'a na tafi, ana darewa a gabansu.

A Ohayo dokar ta haɗa da kowa,
Har 'yan sanda ta shafi cinikinsu.

Nuwamban shekarar aka kai ta ga jama'a,
Kashi 61 suka kayar da ita da ƙuri'unsu.

Kai kana ƙirga kuɗi, ni rai nake tunawa:
Memfis, 1968, masu kwasar shara da motocinsu.

Echol Cole da Robert Walker, ruwa ya koro,
Suka fake a bayan mota, inji ya niƙe su.

An sha kai kuka motocin sun lalace,
Birni ya ƙi jin ƙungiya a madadinsu.

Mutum 1,300 suka ajiye aiki,
"Ni mutum ne" rubuce a allunansu.

Martin Luther King can ya rasa ransa,
Ran 4 ga Afrilu, ya je ne dominsu.

Na yi aikin dare ni kaɗai a ɗaki,
Gadaje cike, duk suna kira a duba su.

Wannan ruwan da aka ɗaura masa ya ƙare,
Wancan na nishi, dangi na kallo da idanunsu.

In na je ni ɗaya na ce a ƙaro hannu,
A ce ga ƙofa, akwai masu jira da takardunsu.

In mun je mu ɗari da takarda guda,
Sai a jawo kujeru a ce mu zauna kansu.

Alƙalamin Asuba:

Gwaggo, Allah Ya saka. Bayan wannan ban da abin ƙarawa sai alƙalami ɗaya don Baba, tunda shi ne abincin ruhinsa: a 2010 kusan kashi 14 na dukkan ma'aikatan Wiskonsin, na gwamnati da na kamfani, 'yan ƙungiya ne, zuwa 2015 sun dawo wajen kashi 8. Dokar da aka ce ta kasafi ce, ga inda ta fi yin aiki.

Ɗalibin Shari'a:

Iyayena da yayyena, a ba ni wuri a gefen tabarma. Waƙar tawa busasshiya ce, ta ɗan aji.

Wiskonsin ce ta fara a duk Amurka,
1959 ta buɗe wa ma'aikatan birane ƙofarta.

Ƙungiyar ma'aikatan gwamnati AFSCME a Madison ta tsiro,
Garin haihuwarta ya zama wurin karya ta.

Dokar ƙwadagon tarayya ta 1935
Ta bar ma'aikacin gwamnati a wajenta.

Shi ya sa haƙƙin ke hannun jihohi,
Majalisa ta bayar yau, gobe ta karɓe abinta.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Janeba,
Yarjejeniya ta 98 kan cinikin ƙungiya, a 1949 aka ƙulla ta.

Ta 151 ta biyo a 1978,
Ma'aikacin gwamnati ta sa a gabanta.

Amurka ba ta amince da ko ɗaya ba,
Ba mai kai ƙarar jiha da hujjar tata.

Disamban 2024 alƙali Jacob Frost
Ya soke mafi yawan dokar da ya nazarta.

Hujjar Gwaggo ce, ta rabon nan biyu,
Ya ce bai ga hankali a yadda aka shata ta.

'Yan sandan da ke gadin majalisar kanta
Ba sa cikin waɗanda dokar ta keɓanta.

Sai dai an ɗaukaka ƙara nan da nan,
Aka jingine hukuncin, kar a yi saurin murnarta.

Uwar Ɗalibai:

Sannu ƙanina, ba ta bushe ba. Baba, saura bashin amsa da kake bina.

Ka ce baɗi za mu dawo,
E mana, buƙata za mu kawo,
Gwamnati ta ƙi in da ciwo,
Ciniki ai da "albarka" da sallamawa.

Gwanin malamin da ka ce a biya,
Gunduma mai kuɗi ce ta saya,
Ta talakawa ta koma baya,
Da sababbin shiga take lallaɓawa.

Ragon da kake faɗi na san shi,
Ni ma ban ce a goya shi,
A kawo laifinsa a tuhume shi,
Ba a kore shi don bai iya durƙusawa.

Mai harajin da kake wa kuka,
Ni ma ina cikin sahun naka,
Kafin albashi ya shiga jaka,
Haraji ya riga ni taɓawa.

Baba Mai Lissafi:

'Yar nan ba ta gajiya. Maganar Memfis ta taɓa ni, ba zan yi musunta ba, kuma ware 'yan sanda da aka yi ban taɓa ganin hujjarsa ba. Amma ban sauka daga inda nake ba, sai da sharaɗi.

In dole ne a zauna, to a buɗe ƙofa,
Ciniki a ɗakin ɓoye shi ke haifar da ƙarya.

A liƙa yarjejeniyar kowa ya karanta,
Tun ba a sa hannu ba, a ji nawa za a biya.

A faɗi na bana, a faɗi na shekara talatin,
Fansho ba ya ciwo sai mai alkawarin ya yi tafiya.

Kuma wanda ƙungiya ta yi wa kamfe,
Kar in gan shi a kujerar mai saya.

Ɗan Autan Mawaƙa:

Baba, na ƙarshen nan in aka bi shi, sai a hana wanda 'yan kasuwa suka yi wa kamfe zama shi ma. Teburin sai ya koma ba kowa sai mai shara, shi kuma an hana shi magana.

Uwar Ɗalibai:

Auta, bar Baba ya sha ruwa. Uku na farko na karɓa, na huɗun sai mun sake zama.

A buɗe ƙofar, ban da fargaba,
A liƙa takardar kowa ya duba,
Ka zo da tabaranka, Baba,
Layin yawan 'yan aji za ka fara karantawa.