Kafka ko in tsaya kan PostgreSQL?

Mai Manhajar POS: Assalamu alaikum. Wakilai wajen 300 ne ke amfani da manhajarmu, kuma duk cinikinsu yana shiga rumbun bayanai guda na PostgreSQL, wanda yake yin nauyi da yamma idan ana haɗa rahoto. Shin in kawo Kafka ne, wato manhajar da ke jigilar bayanai tsakanin manhajoji, ko akwai hanya mafi sauƙi?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Kafka ita ce mafita, Malam, tunda a LinkedIn aka ƙera ta domin irin wannan aiki kafin a sake ta ga kowa a 2011.

Hajiya Injiniya: Ɗan'uwa, wakilai 300 ya ce. Ya buɗe rumbu na biyu wanda ke kwafar na farko, rahoto ya koma can.

Tsohon Hannu: Ni na sha wuya. Wani ɗan kwangila ya haɗa mana wani tsari mai suna Debezium yana karanta kundin canje-canje na PostgreSQL yana turawa Kafka. A hutun Sallah mai karantawar ya tsaya, rumbun kuwa ya ci gaba da tara kundin yana jiransa, har faifan ya cika da tsakar dare, komai ya tsaya cak. Da muka tayar da shi, wasu saƙonni suka shigo sau biyu, aka zuba wa wakilai kuɗi ninki, domin ba a ba kowane ciniki lambar da za ta hana maimaici ba. Mako uku muka yi muna roƙon a mayar, wasu kuma har yau ba su ɗauki waya ba.

Ɗan Zariya: Wannan laifin ɗan kwangila ne, Baba. Ni dala 60 nake biya a wata kan Kafka.

Hajiya Injiniya: Saba guda ke nan, wato kwamfutar da ake haya a ɗora Kafka a kai. Da muka haɗa uku yadda ya kamata, kuɗin ya haura dala 400. Shekara nawa ka yi kana riƙe da kuɗin mutane?

Mai Shayi: Yallabai Tsohon Hannu, don Allah idan za ku sake ninkawa, ni ma ina neman wakilci.

Tsohon Hannu: Allah ya shirye ka. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne biyan hayar saba da dala. Sau biyu bankinmu ya ƙi karɓar katin naira, har aka yi barazanar rufe mana saba.

Mai Manhajar POS: Na gode, amma rumbu na biyun fa, Hajiya?

Ɗan Zariya: Baba, wane kati kake amfani da shi yanzu?