Tulun Ladi Kwali da Baba ya bari: gidan tarihi ko dillali?

Abu_Hanifa: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani tulu mai ƙyalli, an zana masa ƙadangare da kunama da kifi. A gindinsa akwai hatimi biyu, ɗaya LK, ɗaya Abuja da ajami. Ya saye shi ne a gidan tukwanen da Bature Michael Cardew ya kafa nan Suleja tun ana ce mata Abuja, inda Ladi Kwali ta kama aiki a 1954. Bakinsa ya ɗan ɓalle. Wani dillali daga Legas ya taya miliyan biyu, amma ni na fi son in ba gidan tarihi aro, a rubuta sunan Baba. Aro fa, ba kyauta ba. Wanda ya taɓa yi, wace takarda ake rubutawa?

Dan_Zuba: Miliyan biyu kan tulu? Sayar kawai, kafin yara su yi ƙwallo a falo.

Sani_Kafinta: Matar da ke bayan naira ashirin? To ka ce ya biya ka da 'yan murtala zalla, ka ga ta koma gida.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ɗana, kada ka ba su kyauta. Mu mun gani. Kakarmu 'yar Bida ce, ta bar awarwaro da duwatsun wuya na gilashi, aikin Masaga na da. Yayanmu mai son a san mu ya kwashe ya kai wani gidan tarihi, aka ba shi wata 'yar takarda da biro, ko hatimi babu. Da na kai jikokina su gani, ba su cikin akwatin gilashin. Aka ce suna sito. Mai makullin sito ya tafi hutu. Na koma, an yi masa canjin wurin aiki. Sabon kuma ya buɗe rajista ya ce bai ga sunanmu ba. Shuɗin awarwaron nan, in ka ɗaga shi a rana har ƙananan kumfa kake gani a ciki, shi Inna ke sa wa ranar sallah. Yayan ya rasu, takardar ma ba mu san inda take ba.

Abu_Hanifa: Allah ya jiƙansu, Hajiya. Amma ni aro na ce.

Hajiya_Mai_Atamfa: Shi ma aro ya ce, ɗana.

Malam_Tanimu: A yi adalci dai. Na sha kai ɗalibaina gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, tukwane daga sassan ƙasar nan suna nan jere, ga kawunan Nok. Ba ko'ina ne aka lalace ba. Abu Hanifa, kada ka saki tulun sai da yarjejeniya mai wa'adi, da hotonsa ta kowane gefe har da ɓallin bakin, da lambar rajista, da sa hannun shugaban wurin, ba na mai gadi ba.

Ummu_Landan: Miliyan biyu rainin hankali ne. Aikinta yana gidan tarihi na Victoria da Albert a nan Landan, a gwanjo kuma dubban fam ake magana. Dillalin nan ya san abin da ya gani.

Dan_Zuba: Ni kuma an taya wa maƙwabcina irinsa dubu tamanin.

Ummu_Landan: Irinsa ko mai kama da shi? Ba ita kaɗai ta yi aiki a gidan ba, kowa da hatiminsa.

Injiniya_BK: Ku da ke waje kun iya lissafi da fam. Ya zai fitar da shi? Irin waɗannan kaya sai da takardar hukumar gidajen tarihi, in ba haka ba kwastan su riƙe a filin jirgi. Malam kuma ziyara yake kaiwa, bai taɓa ba da ko ludayi ba. Hajiya ce kaɗai ta ɗanɗana.

Malam_Tanimu: Kai fa Injiniya, me ka bayar?

Sani_Kafinta: Yana sanyaya ruwa kuwa? In yana yi ni ma na taya.

Malam_Tanimu: Ba ya yi. An shafe shi da ƙyalli an gasa da wuta mai tsanani, ba ya tsatsafo kamar randa, ga nauyi.

Baban_Walida: Duk kun bar babbar magana. Kayan gado ne. Ku nawa ne magada? Akwai mata, akwai marayu? Ba ka da ikon ba da aro kai kaɗai.

Abu_Hanifa: Mu tara ne. Ban dai gaya wa kowa tayin ba tukuna.

Maman_Ilham: Ka ji ko. Haka namu suka yi da gonar Baba, sai bayan an sayar muka ji a bakin maƙwabta. In ana maganar kayan tarihi maza ne magada, in jinya ce a kira mata.

Dan_Zuba: Maman Ilham, ba a nan za a raba gonar ba.

Maman_Ilham: A ina za a raba? Kotu shekara nawa?

Hajiya_Mai_Atamfa: Mu ma ai ba a tambaye mu ba ranar da aka kwashi awarwaron.